Daidaita Hoto da Kalar Talabijin a Gida: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini

Sana'ata ɗaura dish da gyaran talabijin a ƙauyukan da ke tsakanin Ringim da Taura. Cikin talabijin ɗin da ake ɗauko mini a bayan babur, an naɗe da bargo wai sun lalace, da yawansu lafiyarsu ƙalau. Rimot kawai nake karɓa, in latsa nan in latsa can, mai kaya ya koma gida yana mamaki. An ƙona mai a banza, an kuma yi kasadar fashewar gilashi a kan hanyar burji. Shi ya sa na tara tambayoyin da ake yawan yi mini na amsa su wuri ɗaya. Sunayen saitin da Turanci suke a jikin talabijin, don haka na rubuta su yadda muke faɗarsu a bakin aiki. Wanda ya fi gane Larabci ya duba wajen zaɓen harshe, talabijin da yawa suna da shi.

A shago hoton kamar ka kai hannu ka taɓa. Na kawo gida, fuskokin mutane sun koma kamar an shafa musu manja. An canja mini ne?

Ba a canja maka ba. A Sabon Gari talabijin ashirin ake jerawa a bango ɗaya ƙarƙashin fararen fitilu, kowace tana neman ta ja idonka kafin ta kusa da ita. Kamfani ya san haka, sai ya fito da ita a saitin da ake kira bibid ko dainamik: haske a ƙure, kala a ƙure, an kuma surka farin da shuɗi don ya yi ƙyalli. Wannan kwalliyar kasuwa ce. A ɗakinka mai taga ɗaya, da dare, ita ce take sa ido ruwa, take mayar da ciyawar filin ƙwallo kamar fenti.

Akwai ma talabijin ɗin da tun ranar kunnawar farko take tambaya ko a gida take ko a shago. Idan yaron shago ya zaɓa mata shago lokacin gwaji, a haka za ta zauna sai ka shiga ka mayar da ita ta gida.

To ta ina zan fara?

Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton lambobin da ke ciki da wayarka, don in ka rikice ka san hanyar komawa. Bari ta yi kamar minti 20 a kunne. Ka yi aikin a lokacin da gidanku ya fi kallo, in bayan isha'i ne to bayan isha'i, da irin fitilar da kuka saba kunnawa.

Sai ka shiga wajen hoto ka canja nau'insa daga bibid zuwa na silima, wasu suna rubuta mubi. Sababbin talabijin daga 2020 zuwa yau wasunsu suna da Filmmaker Mode, shi ma ya yi. In babu ko ɗaya, ɗauki sitandad. Wannan canji kaɗai rabin aikin ne. Daga nan ka bi su ɗaya bayan ɗaya: baklait, biraitnes, kontiras, kala, ɗumin kala, shafnes. Kada ka taɓa biyu a lokaci guda, don ba za ka san wanne ya gyara wanne ya ɓata ba.

Baklait, biraitnes da kontiras, ba duk haske ba ne?

Nan ne kusan kowa yake faɗawa rami, har da wasu masu gyara.

Talabijin ɗin da muke kira filasma, kusan dukkansu ba filasma ba ne, LED ne. Gilashin da ke nuna hoto ba ya ba da haske da kansa. A bayansa akwai layukan ƙananan fitilu, su ne suke haskowa ta cikinsa, kamar ka kunna fitila a bayan labule mai zane. Baklait shi ne ƙarfin waɗannan fitilu. Idan ka ƙara shi, komai ya ƙara haske amma zanen bai canja ba. Shi ne za ka ɗaga da rana ka sauke da dare.

Biraitnes kuwa sunansa ya yaudari mutane. Aikinsa a kan baƙi yake, wato inda duhu zai tsaya. In ya yi yawa, baƙi ya koma ruwan toka, hoton ya yi kamar an yi hazon hunturu a cikin ɗakin. In ya yi kaɗan, duk abin da ke da ɗan duhu ya haɗe ya zama baƙi ƙirin, kuma mu wannan ya fi cuta, domin fuskokinmu ne ke fara ɓacewa. Za ka ga ɗan wasa a fim ɗin Hausa cikin ɗaki, farar hula da haƙora kawai ake gani.

Kontiras kuma a kan fari yake. In ya wuce ƙima, farar shadda mai farin aiki sai ta zama fari fat, babu aikin, babu karin guga.

Masu kuɗi suna da faifan gwaji na musamman. Ni abin da nake amfani da shi kowa mai dish yana da shi kyauta: tashar da ke nuna Masallacin Harami na Makka dare da rana. Rigar Ka'aba baƙa ce, amma akwai rubutu da aka saƙa baƙi a kan baƙi a jikinta. Jira kyamara ta matso kusa. Sauke biraitnes har rubutun ya ɓace, sannan ka riƙa ɗagawa ɗaya-ɗaya har ya fara bayyana, rigar kuma tana nan baƙa. Tsaya nan. Sai ka koma kan masu ɗawafi: fararen harami a kan farin daɓen marmara. Ɗaga kontiras har haramin ya narke cikin daɓen, sannan ka sauke har ka soma ganin ninkin mayafin a kafaɗar mutum. A yawancin talabijin biraitnes yana tsayawa kusa da tsakiya, wajen 50, kontiras kuma can sama amma bai kai ƙarshe ba. In kontiras ya motsa da yawa, koma ka sake duba baƙin, don suna jan juna.

Wasu sababbin talabijin na Sony da Samsung sun sauya sunayen: abin da suka rubuta biraitnes shi ne fitilar baya, na baƙin kuma an ba shi wani suna daban. Gane su ba wuya. Wanda in ka motsa shi duk gilashin ya dushe kamar an rage lagwani, fitila ce. Wanda baƙi ke komawa toka, shi ne na baƙin.

Kala fa, nawa zan sa?

Bar lamba, dubi fatar mutum. Ido bai san ainihin launin rigar mai karanta labarai ba, amma ya san launin fata tun yana jariri. Nemi tashar da ke nuna mutanenmu, Arewa24 ko ARTV, a tsayar da kyamara a kan fuska. Sauke kala har fuskar ta yi fayau kamar mai jinya, sannan ka ɗaga a hankali har ta yi kama da ta wanda ke zaune kusa da kai. In wankan tarwaɗa ya koma ja, ko baƙin mutum ya koma kamar jan goro, ka wuce wuri. Ja ne yake fara tona asiri: jar hula ko jan mayafi sai ka ga launin ya cika ya batse, saƙar ta ɓace.

Gwada a tasha biyu ko uku, don wata tashar tun daga can kalarta take da yawa. Tint kuma, mai ja a gefe ɗaya kore a ɗaya gefen, bar shi a tsakiya.

A saitin ɗumin kala na zaɓi mai ɗumi, sai fari ya koma ruwan ƙwai. Ba mai sanyi ya fi kyau ba?

Wata gwaggona ta taɓa kora ta a kan wannan. Na gama saita mata talabijin, ta leƙo daga madafa ta ce, "Kai ɗan nan, me ka yi mata? Da fes take, yanzu kamar an wanke ta da ruwan rijiya." Na ce, "Gwaggo, ki ba ta kwana uku, in ba ta yi miki ba zan zo in mayar." Da na koma ranar kasuwar Gujungu na mayar mata da tsohon saitin don ta gani, ita da kanta ta ce in cire, wai ya yi shuɗi kamar an zuba bula.

Ga dalilin. Fari iri-iri ne, ana auna shi da ma'aunin Kelvin. Harshen kyandir bai kai 2000 ba, tsohon ƙwan lantarki mai zafi wajen 2700 ne, hasken rana tsaka kuma wajen 6500. Masu shirya finafinai da gidajen talabijin a duniya sun daidaita a kan 6500, suna kiransa D65, a kansa suke duba aikinsu kafin su sake shi. A talabijin ɗin gida, zaɓin da ya fi kusa da wannan shi ne mai ɗumi, kalmar da ta fara da harafin W. Mai sanyi, wadda ta fara da C, tana iya kaiwa 9000 ko sama, shi ya sa take shuɗi. Ido yana sabawa da duk farin da aka ba shi, kamar yadda harshe ke sabawa da shayi mai sukari biyar. Ranar da aka rage sai ya ce lami ne. In kwana uku sun wuce ɗumin bai kwanta maka ba, sa na tsakiya. Talabijin ɗinka ce.

Shafnes ba shi ke sa hoto ya fito tar ba?

A'a. Ba ya ƙara abin da kyamara ba ta ɗauka ba. Farin zare yake zagaya wa gefen komai don ido ya ɗauka hoton ya fito. Matsa kusa ka dubi rubutun da ke gudu a ƙasan labarai, ko gefen hular mutum, za ka ga zaren. Sauke shi har zaren ya ɓace. A wasu talabijin wannan sifiri ne ko 10, a wasu kuma tsakiya ne, ƙasa da haka hoton ya yi dishi-dishi.

Da sola muke kallo. Saitin hoto yana da ruwa da cin batir?

Ƙwarai kuwa, kuma wannan ce amsar da na fi so mutanenmu su riƙe. A talabijin ɗin LED fitilun baya ne suka fi komai shan wuta. Kala, shafnes da tint ba su ci maka komai. Baklait ne mai ci.

Mu yi lissafi da misali. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe wat 1200 na awa ɗaya a takarda, amma irin na ruwa ko na gel ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, in ana son ya yi ƙarko. Saura 600. A ce talabijin da dikoda suna jan wat 60 baklait yana ƙure, awa 10 ke nan in babu fanka babu ƙwai. In ka sauke fitilar suka koma 45, ka samu awa 13 da ɗoriya. Lambobin taka talabijin za su bambanta, amma hanyar ɗaya ce. In kwanturolar solarka tana nuna abin da ake ja, ka sa yaro ya riƙa sauke baklait kana kallon lambar tana sauka.

Riba ta biyu ta fi ta farko. Fitilun nan zafi ne ajalinsu. Talabijin ɗin da ke aiki da baklait a 100 cikin ɗakin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ita ce ake kawo mini da murya babu hoto. Da dare a ɗaki, 30 zuwa 50 ya ishi mai kallo.

Akwai saitin tsimin wuta da ke rage hasken da kansa, wani ma da ɗan ido a gaban talabijin yana auna hasken ɗaki. In yana maka hawa da sauka yana damunka, kashe shi ka sauke baklait da hannunka. Haka dainamik kontiras, wanda ke canja haske da duhun hoto da kansa, shi ma kashe shi.

Murya na fita, hoto na fita, amma baƙi da fari. Kalar ta ƙone ne?

Sau da yawa waya ce aka soka a ramin da ba nata ba. Wayar AV kai uku gare ta: rawaya na hoto, fari da ja na murya. Bayan talabijin kuma wani lokaci akwai wasu ramuka kore, shuɗi da ja, na wata irin waya daban. In rawaya ya shiga kore alhali talabijin tana jiran waccan wayar, hoto zai fito babu kala. Wasu talabijin ramin kore da rawaya ɗaya ne, an yi masa zobe kala biyu. A irin wannan sai ka tabbata AV ka zaɓa a rimot.

In waya daidai take, duba tsarin kala. Najeriya PAL take amfani da shi, Amurka NTSC, Nijar kuwa SECAM irin na Faransa ta gada. Mutanen Maigatari da Babura da ke sayo kaya ta kan iyaka, da masu sayen na hannu da aka shigo da su daga waje, su suka fi gamuwa da wannan. Sa dikoda ko na'urar faifai a PAL, talabijin kuma a PAL ko a bar ta ta zaɓa da kanta.

Dikodata tana da HDMI amma da wayar AV aka haɗa mini. Akwai bambanci?

Kamar na ruwan randa da na kududdufi. Wayar rawaya layi 576 kawai take iya ɗauka, ta kuma cusa haske da kala a hanya ɗaya, shi ya sa gefen rubutu ke rawa, ja yana malala. HDMI tana ɗaukar layi 720 ko 1080, kala a ware. Duk saitin da za ka yi a kan wayar rawaya gyaran gangar auzinawa ne in akwai ramin HDMI zaune babu kowa.

Bayan ka canja wayar, shiga saitin dikodar kanta, ko Strong ce ko StarTimes ko GOtv, ka ɗaga fitar hoton zuwa 1080 ko 720, a kan 50Hz ba 60Hz ba, wato sau nawa hoto ke sabuntuwa a daƙiƙa, domin tashoshinmu a kan 50 suke tafiya. Da yawa suna sayen HDMI su bar dikoda a 576, su ce ba su ga canji ba. Ka kuma sani yawancin talabijin masu inci 32 ɗigon gilashinsu 1366 ne a kwance 768 a tsaye, don haka 720 ma ya wadatar da su.

In hoton HDMI ya rine ruwan hoda ko kore gaba ɗaya, zare wayar ka mayar, ko ka gwada wani ramin. In baƙi ya ƙi yin baƙi duk yadda ka sauke biraitnes, akwai saɓani tsakanin na'urorin biyu: ɗaya tana ƙirga haske daga 0 zuwa 255, ɗaya daga 16 zuwa 235. Nemi saitin baƙin HDMI ka juya shi. Wannan ya fi faruwa in kwamfuta aka haɗa.

Me ya sa mutane suka zama gajeru masu faɗi? Kuma ba na ganin cin ƙwallo a kusurwa.

Tsofaffin shirye-shirye a ma'aunin faɗi da tsayi na 4:3 aka ɗauke su, gilashinka kuma 16:9 ne. In an ja hoton don ya cika gilashi, dole kowa ya yi ƙiba. Baƙin shafi a dama da hagu ba lalacewa ba ne. Sa dikoda a 16:9, talabijin kuma a ainihin girman hoto. Cin ƙwallon da ya ɓace kuwa zum ne, ko wani saiti da ke yanke gefe-gefe. Maɓallin yana kan rimot, yara ne ke danna shi.

Fim yana tafiya sumul ƙwarai, kamar bidiyon biki. Mene ne wannan?

Ana ɗaukar fim hoto 24 a daƙiƙa. Talabijin tana ƙirƙiro wasu hotunan ta cusa a tsakani don motsi ya yi santsi. LG suna kiran abin TruMotion, Samsung Auto Motion Plus, Sony Motionflow. A fim kashe shi. A ƙwallo in ka ga dama ka bar shi kaɗan, amma in ƙwallon ta fara rabewa biyu ko tana ɓacewa a sama, shi ne.

Gidan kallo nake da shi. Shawarar ɗaya ce?

Kusan ɗaya, sai abu uku. Wasan ƙarfe uku ko huɗu na yamma a rumfar kwano yana son baklait sama, amma kafin ka ƙure shi toshe hasken da ke faɗowa kan gilashin. Buhu ɗaya a kan taga ya fi lamba 20 a rimot. In magariba ta yi, sauke shi.

Na biyu, tsayi. Wani mai gidan kallo ya kira ni wai talabijin ɗinsa ta dushe. Na tarar ya kafe ta can kusa da rufi, a miƙe, 'yan benci na gaba suna kallonta ta ƙasa. Na ce, "Maigida, hau bencin nan ka duba." Ya hau, ya ce, "Ikon Allah, ga kala nan!" Gilashin LED da yawa in an kalle su ta gefe ko ta ƙasa launinsu yana kwaranyewa. Muka saukar da ita kamu biyu, muka ɗan sunkuyar da kanta, magana ta ƙare.

Na uku, saitin wasanni da ke cikin talabijin bibid ne da wata riga. Ciyawa ba ta ƙyalli a duniya. Yi amfani da sitandad ka rage kala har filin ya yi kama da gonar shinkafar Hadeja da damina. Masu shagon PlayStation kuma su sa saitin gem, yana rage jinkirin da ke tsakanin danna maɓalli da motsin ɗan wasa.

Na saita, gobe na tarar komai ya koma yadda yake.

Ko dai tana saitin shago, wanda ke goge gyaranka da kansa, ko kuma ka saita a HDMI 1 yanzu kana kallon filashi. Kowace mashiga da nata saitin a talabijin da yawa. In ba ko ɗaya, tambayi yaran gidan.

Finafinan da ake tura mini a memori suna fitowa da ɗigo-ɗigo da murabba'ai, musamman wurin duhu. Wane saiti zai gyara?

Babu. Masu turi suna matse fim don da yawa su shiga memori ɗaya, kuma abin da aka zubar wajen matsewa ba ya dawowa. A waya ba ka gani saboda gilashin tafin hannu ne, a inci 43 kuwa komai sai ya fito fili. Sauke shafnes, kunna mai rage ƙura a hoto a matakin ƙasa, ka ja kujera baya. In za ka sake turi, ce a ba ka mai nauyi, 720 ko sama.

Murabba'an da ke zuwa a tashar dish lokacin hadari daban ne, ruwan sama ne ke tare sigina. In suna zuwa ko babu hadari, iska ta ture dish ɗin. In kuma ana tsawa, zare wayar dish da ta wuta gaba ɗaya.

Tawa tsohuwa ce mai doro. Gefe ɗaya ya yi shunayya da kore.

Maganaɗisu ne. Duba ko an ajiye sifika ko rediyo a kanta ko a gefenta, ka ɗauke. Kashe ta daga bango kamar rabin awa, sannan ka kunna. Wannan "gumm" da take yi wajen tashi wata waya ce da ke zagaye da gilashin take wanke maganaɗisun, kuma ba ta aiki sai ta huce. Yi haka sau biyu ko uku. In tabon bai tafi ba sai mai gyara.

In duk hoton ne ya rine kala ɗaya, yana dawowa in an bubbuga ta, dalma ce ta saki a ciki. Daina dukanta, kuma kada ka buɗe. Mai doro tana aiki da bolt sama da 20,000, tana kuma riƙe wuta ko bayan an zare ta daga bango.

Ta LED ce, amma fari ya koma shuɗi-shuɗi ko shunayya, kuma saiti ya ƙi gyarawa.

Fitilun bayan nan asalinsu shuɗi ne, an shafa musu wani sinadari ruwan ɗorawa, haɗuwar biyun ce ke ba da fari. In zafi da shekaru suka cinye shafin, shuɗin ya fito. Alamarsa ita ce har rubutun saitin talabijin ɗin kansa ya rine, kowace tasha, kowace mashiga. Rimot ba ya maganin wannan, sai an canja layukan fitilun, kuma a canja su duka, don in an sa sabo ɗaya cikin tsofaffi gilashin zai yi dabbare-dabbare. Haka in ka ga fararen ɗigo masu haske kamar taurari, murfin kan fitilun ne ya faɗo.

In murya ce kawai babu hoto, haska tocilan dab da gilashin cikin duhu. Ka ga inuwar hoto tana motsi? To gilashin lafiya lau, fitilu ne suka mutu, kuma gyaransu bai kai kuɗin sabuwa ba. Bayan gyara ka sauke baklait, in ba haka ba za mu sake gaisawa.

Ƙurar hunturu fa? Kuma in cire ledar da ke jikin gilashin?

Ƙura tana dusar da hoto a hankali har mutum ya yi ta ƙara haske bai san dalili ba. Kashe talabijin, ka share da tsumma mai laushi busasshe, ba tare da dannawa ba. In akwai maiƙon hannun yara, ɗan jiƙa tsumman da ruwa ka matse sosai. Kada a fesa ruwa a gilashin, yana gangarawa ƙasa inda siraran wayoyinsa suke, daga nan sai layuka a tsaye. Ban da kananzir, ban da sabulu. Rufin da ake yi wa talabijin a ɗakin amarya yana da kyau in tana kashe, amma in an kunna a yaye shi duka, har bayan, don ta nan take shan iska.

Leda kuwa a yi hattara. Ta kamfani tana da ɗan kunne ko tambari a kusurwa, tana kuma ɓarewa ba gardama. Wannan a cire, in ta tsufa rawaya take yi. Amma akwai wata fata mai duhu da ke manne da gilashin, wadda gefenta ya shige ƙarƙashin firam. Ita ce ke sa hoto ya fito. An taɓa kawo mini wadda ango ya sa reza ya ɗaye rabinta yana cewa leda ce. Rabin gilashin fari fat, ɗaya rabin ana ta labarai.

Na ga lambobin saiti a intanet, har da hanyar shiga ɓoyayyen saitin injiniyoyi. In bi?

Lambobin baklait da kala ka iya gwadawa, ba su ɓata komai, sai dai ka tuna a ɗakin wani aka auna su, a kan talabijin ɗin wani. Amma na daidaita fari, inda ake ƙara ja a rage shuɗi ɗaya-ɗaya, kada ka kwafa. Talabijin biyu da suka fito daga kwali iri ɗaya ma ba sa zama daidai a nan. Masu wannan aiki da na'ura suke yi, wadda ake liƙawa a gilashi tana karanta launi tana aika wa kwamfuta, kuma kuɗin aikin a inda ake yinsa ya kan kai na ƙaramar talabijin.

Ɓoyayyen saitin kuwa, a can ake gaya wa talabijin irin gilashin da ke jikinta. Lamba ɗaya in ta goce, hoto ya kife ƙasa a sama, ko launuka su koma kamar na hoton asibiti, ko gilashin ya yi baƙi ba ka ma ganin inda za ka koma. Maɓallin mayar da saitin kamfani da ke cikin saitin yau da kullum ba ya taɓa abin da aka ɓata a can. In an riga an shiga, kada a ƙara danna komai. A duba takardar da ke manne a bayan talabijin, a ɗauki hoton lambar samfurinta, a tafi da shi wurin mai gyara tare da ainihin rimot ɗinta.